Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Jinya Gano Inda Jijiyar Zuciya Ta Toshe, da Yumɓu da Faifai

Akwai wani dattijo da har yau yake faɗo mini a rai duk ranar da na shiga aji da takardar ECG, wato zanen lantarkin zuciya da na'ura ke fitarwa, a hannu. Ina sabon ma'aikacin jinya a lokacin, a wani ƙaramin asibiti a wajen Garwa, a arewacin Kamaru. 'Ya'yansa suka kawo shi bayan la'asar, ya dafe ƙahon zuci, ya yi amai sau biyu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Watan Afrilu ne, kowa gumi yake yi, don haka ban ɗauki nasa a bakin komai ba. Na ce, "Baba, ƙwannafi ne, in sha Allahu zai faɗa." Na ba shi maganin olsa. Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka jawo na'urar ECG muka ɗauka, na riƙe takardar ina kallo kamar wanda aka miƙa wa wasiƙa da harshen da bai iya ba, alhali na ci jarrabawar wannan darasin da maki mai kyau. Sai bayan isha'i likita ya iso. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce bangon ƙasa na zuciya ne, ga shi nan ɓaro-ɓaro a D2 da D3 da aVF, uku daga cikin layukan takardar. Dattijon bai kai asuba ba. Allah ya jiƙansa.

Hadda na yi a makaranta, ban ga komai ba. An zana mana tebur a allo, nan sunayen bangon zuciya, can sunayen layuka, muka haddace, muka juye wa mai jarrabawa, bayan wata biyu komai ya bi ruwa. Tun da na koma koyarwa na daina buɗe darasin nan da tebur. Sai ɗalibi ya riƙe zuciyar a hannunsa, ya juya ta, ya leƙa ta ta ƙasa da ta gefe, sannan nake ba shi takarda. Zama 3 nake yi, kowanne awa 2, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun malami ba.

Maganar suna tukuna. A rediyo za ka ji an ce wane ya rasu sakamakon bugun zuciya, amma a aji sunan yana rikita yara, domin bugun zuciya ai shi muke ƙirgawa kullum a wuyan hannu. Ni toshewar jijiyar zuciya nake cewa. Layuka 12 na takardar kuwa idanu nake kiran su, tunda aikinsu ke nan: kowanne yana kallon zuciya daga inda ya tsaya.

Kayan da za ka tanada

Ka je wurin masu ginin tukwane ka sayo yumɓu kwaɓaɓɓe, wanda zai isa kowane rukuni na mutum 4 su sami curi ɗaya. Ka nemi faifai babba, waya mai kauri kamar ta shanya, 'yan maƙalan da ake kama wanki da su a igiya guda 16, zaren saƙa da fenti kala uku, farar riga mai kama jiki, ƙaramar tocila, madubin hannu, da fotokwafin takardun ECG na gaskiya waɗanda aka goge sunan majinyaci a kansu.

Wajen zaɓen kala akwai tarko, ni ma na faɗa cikinsa a shekarar farko. Na yi amfani da ja da kore da rawaya, sai yara suka riƙa cakuɗa su da kalar wayoyin na'ura. Yanzu shuɗi nake ba bangon ƙasa, ruwan goro bangon gaba, ruwan hoda bangon gefe. Kalar da ka zaɓa kada ka sake ta har ƙarshen shekara: ita ce a zare, ita ce a yumɓu, ita ce a maƙali, ita ce a takarda.

Mataki na 1: a gina zuciya, a kwantar da ita daidai

Kowane rukuni ya mulmula yumɓu gwargwadon dunƙulen hannu, sama da faɗi, ƙasa da tsini. Ba kyau muke nema ba. Abin da nake tsayawa a kai shi ne kwanciyarta. Kusan duk ɗalibi zai tsayar da ita cak, tsini na kallon ƙasa, kamar yadda ake zana ta a jikin mota. Ka sa ya ɗora ta a ƙirjinsa, ka kama hannunsa ka juya: a kishingiɗe take, tsininta ya nufi ƙasa da hagu da gaba. Ɗakin dama na ƙasa shi ne a gaba, daf da ƙashin ƙirji. Ɗakin hagu, mai kaurin nama, wanda ke tura jini duk jiki, yana hagu yana kuma leƙa baya. Gindinta kuwa a zaune yake kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A nan nake ba su labarin dattijon, domin wanda ya ga gindin zuciya zaune kan ciki ba zai yi mamaki ba in ciwon bangon ƙasa ya zo masa da kamannin olsa, da tashin zuciya da amai.

Mataki na 2: a shimfiɗa jijiyoyi

Tun yumɓun na ɗanye za a danna zaren a jikinsa. Jijiyar hagu gajeriyar kara gare ta, nan da nan ta rabu biyu. Reshe ɗaya, wanda littattafanmu ke taƙaitawa da IVA, ya gangaro ta gaba tsakanin ɗakunan ƙasa biyu har tsini: zare ruwan goro. Ɗaya reshen, sirkonfiles, ya kewaya ta hagu ya ciyar da gefe, ya leƙa baya: ruwan hoda. Jijiyar dama ta bi kwarin da ke gefen dama, ta zagaya ta koma gindi: shuɗi. A wajen mutum kamar 8 cikin 10 ita ke ciyar da bangon ƙasa, sauran kuwa sirkonfiles ce ke ɗauke musu wannan aikin.

Duk yaron da ya taɓa ganin gonakin shinkafa na ƙasan madatsar Lagdo, ko lambun albasa a bakin Binuwai, ya san abin da ke faruwa in aka toshe hanyar ruwa. Fangalin da ke bayan toshiyar shi ke bushewa, na gabanta ko a jikinsa. Ka sa ɗaliba ta matse zaren IVA kusa da wutsiyarsa, ka tambaye ta, "Wace gona ta rasa ruwa?" Za ta nuna ɗan wuri kusa da tsini. Ka ce ta matse can sama kusa da mararraba, ta sake nunawa. A nan ne aji kan yi tsit, don kusan duk gaban zuciyar ne ya tafi. Ka faɗa musu cewa naman zuciya yakan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30 da yankewar jini, mutuwar ta yi ta yaɗuwa daga ciki zuwa waje cikin 'yan awoyi. Daga nan su shafa fenti, kowace gona da kalar zaren da ke shayar da ita, a ajiye a inuwa ya bushe. Kada a sa a rana, zafin Garwa zai tsattsaga shi.

Mataki na 3: idanu goma sha biyu

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma shi ke cin zama na biyu kusan gaba ɗaya. Kada ka yi gaggawa a nan.

Ka rataye faifan a jikin allo, ka ɗaure zuciyar yumɓu a tsakiyarsa tana fuskantar aji, kamar majinyaci ne ya tsaya yana kallon su, wato hagunsa yana damarsu. Ka ce su ɗauki faifan a matsayin agogon bango. D1 yana kan ƙarfe 3. aVL yana kan ƙarfe 2. D2 ƙarfe 5, aVF ƙarfe 6, D3 ƙarfe 7. aVR shi kaɗai can a ƙarfe 10. Ba ni na ƙirƙiro wannan jerin ba: kowace awa a agogo digiri 30 ce, kuma kusurwoyin da ke littafi, 0 da 60 da 90 da 120 da sauransu, daidai nan suke faɗawa. Ka rubuta sunayen a jikin maƙalai, amma kada ka maƙala su da kanka. Kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya maƙala nasa, ya sa idonsa daidai wurin, ya kalli yumɓun, ya faɗi kalar da ya gani. Mai D2 da mai aVF da mai D3 dole su durƙusa su leƙo daga ƙasa, su ukun kuma shuɗi za su gani. Mai D1 da mai aVL za su ga ruwan hoda. Mai aVR zai ce, "Malam, ni ba na ganin kowace kala sosai, saman kawai nake hange." Ka ce ya yi daidai, shi ya sa ba a sa shi cikin kowane bango, shi ya sa kuma zanensa a kife yake fitowa ga mai lafiya. Sai a shafa wa kowane maƙali kalar da mai shi ya gani.

Yara sukan tambayi dalilin da ya sa ake ɗaukar waɗannan idanu shida na faifai daga hannu biyu da ƙafa ɗaya. Nakan ba su labarin Willem Einthoven na jami'ar Leiden a ƙasar Holan, wanda ya sami kyautar Nobel a 1924 saboda wannan na'ura. Tasa ta farko ta haura kilo 250, kuma majinyaci tsoma hannuwansa biyu da ƙafar hagu yake yi cikin bokitan ruwan gishiri. Daga waɗannan bokitai uku D1 da D2 da D3 suka samo asali.

Saura shida na ƙirji. Su ba a kan faifai suke ba, don ba daga sama ko ƙasa suke kallo ba, kewaye suke yi kamar ɗamara. Ka lanƙwasa wayar ta zama rabin zobe, ka soke bakinta biyu a faifan, cikinta ya turo gaba ya kewaye yumɓun. V1 da V2 a gaba, suna kallon katangar da ta raba ɗakunan biyu. V3 da V4 suna kallon bangon gaba da tsini. V5 da V6 sun zagaya hagu. Huɗun farko ruwan goro za su gani, biyun ƙarshe ruwan hoda. Da bakinsu za su gano cewa bangon gefe idanu 4 gare shi, biyu a faifai daga sama, biyu a waya daga ƙasa, abin da a tebur yake zama kamar an haɗa baƙi wuri ɗaya ba dalili.

Yanzu a rufe tagogi a ɗauko tocila. Mutum 12 su tsaya, kowa a gurbin idonsa. Ka manna tocilar a jikin bango ɗaya tana haska waje, ka ce nan ne jini ya yanke. Dokar wasan guda biyu ce: wanda haske ya bugi idonsa ya ɗaga hannu, wanda ke ɗaya ɓangaren, daidai bayan tocilar, ya sunkuya. In ka sa ta a gindi, masu shuɗi uku za su ɗaga hannu, mai aVL ya sunkuya, don ƙarfe 2 da ƙarfe 7 kusan kishiyoyi ne, mai D1 ma ya ɗan rusuna. Ka canza wuri sau goma, ka canza mutane, har abin ya zama musu jiki. Ɗaga hannun nan shi ne tashin layin ST, wato ɗan layin da ke biyo bayan babban tsinin kowane bugu a takardar, sunkuyon kuma faɗuwarsa, abin da littafi ke kira hoton madubi. Ban cika faɗa musu haka ba sai sun gama wasan, don in suna ya riga gani shiga kai, sai su koma hadda.

Mataki na 4: daga yumɓu zuwa jikin mutum

Ɗalibi namiji ɗaya ya sa farar rigar ya kwanta, a zana masa haƙarƙari a kanta ta hanyar lalube, ba da ka ba. A fara daga ramin maƙogwaro, a gangaro da yatsa kan ƙashin ƙirji har a ji ɗan tudu. Haƙarƙari na 2 ke manne a nan, ramin da ke ƙasansa shi ne rami na 2. A ƙirga zuwa na 4. V1 a rami na 4 gefen dama na ƙashin ƙirji, V2 a gefen hagu. A tsallake V3 tukuna, a sa V4 a rami na 5 daidai tsakiyar ƙashin wuya, sannan V3 ya shiga tsakaninsu. V5 a layin gaban hammata, V6 a tsakiyar hammata, dukansu a miƙe da V4, ba sa bin haƙarƙari su hau sama. Kuskuren da na fi gani a ɗakunan kwanciya shi ne a ɗora V1 da V2 can sama a rami na 2, abin da kan fito da zanen da ke kama da ciwo alhali babu.

Wayoyin gaɓoɓi kuwa, a na'urorin da muka fi samu masu tsarin Turai, ga abin da nake sa su rera: a hagu rana bisa ciyawa, a dama wuta bisa gawayi. Rawaya hannun hagu, kore ƙafar hagu, ja hannun dama, baƙi ƙafar dama. Amma akwai na'urorin tallafi masu tsarin Amurka da kalolinsu suka sha bamban, don haka a karanta harafin da ke jikin waya kafin a dogara da kala. In D1 ya fito a kife, aVR kuma a miƙe, a fara zargin an musanya hannaye.

Sai 'yan abubuwan da littafin da aka rubuta a Faransa ba zai gaya musu ba. A bazara gumi ba ya barin manne ya zauna, a goge fata da auduga da alkol a bar ta ta bushe. In wutar gari na sa layi rawa, a zare na'urar daga soket a yi da batir. Tsoho in ya ga robobin nan masu tsotsar fata yakan tsorata, ya zaci wuta za a sa masa. Abin da nake koya musu su ce shi ne, "Baba, kamar ƙahon wanzami ne, amma babu tsaga, babu zafi." Mace kuwa mace ce za ta ɗauke ta in da hali, a ja labule, a rufe ta da mayafinta, a sa V4 zuwa V6 a ƙarƙashin mama, ba a kansa ba. Ɗalibai mata su yi nasu gwajin a ɗaki dabam, tsakaninsu. In an yi sakaci da wannan, Hajiya za ta ce ta ji sauƙi ta tafi gida da ciwonta.

Mataki na 5: a shafa wa takarda kala

Sai yanzu takarda ta shigo. Kowa ya karɓi fotokwafin ECG na mai lafiya, ya kewaye kowane ido da kalar maƙalinsa. A takardar da ta jera idanu uku-uku a layi huɗu, shuɗin zai fito da siffar fartanya a kusurwar ƙasa ta hagu, abin da ke taimaka wa ido ƙwarai. Sai dai wasu na'urorin shida-shida suke jerawa, wasu kuma doguwar tsiri suke fitarwa. Ka kawo duk irin da ka samu su shafa, don kada su riƙe gurbi su manta suna.

Daga nan awo. A duba saman takarda a tabbatar gudunta milimita 25 ne a daƙiƙa, tsayinta milimita 10 a milibolt ɗaya. Kowane ƙaramin gida na zanen takardar milimita 1 ne. A shimfiɗa gefen kati a kan layin da ke gabanin QRS, wato babban tsinin kowane bugu, a nemo gaɓar J, inda QRS ya ƙare ST ya fara, a ƙirga gidajen da ta haura katin. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya suka fitar a 2018 ta ce milimita 1 ko fiye, a idanu biyu maƙwabta. V2 da V3 ne kawai ke da nasu ma'auni: milimita 2 ga namiji mai shekara 40 zuwa sama, 2.5 ga wanda bai kai 40 ba, 1.5 ga mace. Kalmar maƙwabta ba ta ba su wuya, sun riga sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtan nasu a gaban faifai. D2 da aVF nesa suke da juna a takarda, amma ɗalibin da ya durƙusa a ƙarfe 5 ya san wanda ya durƙusa a ƙarfe 6.

Tambayoyi uku nake so su riƙa yi wa kowace takarda, a jere: ina aka ɗaga hannu, wace kala ce, wa ya sunkuya?

Mataki na 6: wuraren da ba mai kallo

A zama na uku ka koma gaban faifan, ka sa tocila a bayan yumɓun. Ba wanda zai ɗaga hannu, sai masu V1 da V2 da V3 su sunkuya. Ka bar su su yi ta muhawara. Can wani zai ce, "Malam, ai babu kowa a bayan." To, shi ke nan, ya gano da kansa. Ka ɗauko takardar da ST ya faɗi a V1 zuwa V3 tare da dogon R, wato ɓangaren QRS da ke miƙewa sama, ka kifa ta sama ta koma ƙasa, ka ɗaga ta a hasken taga su kalle ta ta baya, ko ka kafa madubi a gefenta na sama su kalli cikin madubin. Faɗuwar za ta koma tashi a idonsu. Maganin abin shi ne a aika idanu baya: V7 a layin bayan hammata, V8 a ƙasan allon kafaɗa, V9 a gefen ƙashin baya na hagu, duk a miƙe da V6. A can rabin milimita ma ya isa.

Waɗannan uku sun ɗauki uku cikin maƙalai huɗun da suka rage, na huɗun kuwa na V4R ne, kuma shi na fi damuwa da shi. Jijiyar dama ita ke ciyar da ɗakin dama kafin ta kai gindi. In ta toshe can sama, ɗakin dama ma ya shiga ciki. Don haka duk takardar da shuɗi ya tashi, musamman in D3 ya fi D2 tashi, a ɗauke V4 a mai da shi daidai gurbinsa a gefen dama, a sake ɗauka, a rubuta V4R da biro a kan takardar. Aikin minti ɗaya ne.

Mataki na 7: kowace kala da abin da take nema a bakin gado

In darasi ya tsaya a gano wuri, rabin aiki aka yi. A bayan kowace zuciyar yumɓu nakan sa su ɗaura kati uku masu kala, su rubuta abin da za su sa wa ido. Shuɗi: bugu na iya raguwa ƙwarai, domin jijiyar dama ce ke ciyar da mahaɗar lantarkin zuciya ga mafi yawan mutane, don haka a ƙirga bugu akai-akai, atropine, maganin ƙara saurin bugu, na kusa. In V4R ya tashi, kada a sa maganin nan na ƙarƙashin harshe, trinitrine ko Risordan, don yana iya kayar da awon jini warwas. Irin wannan majinyacin sau da yawa ƙarin ruwa yake bukata, bisa umarnin likita. Ruwan goro: gona ce babba, a saurari huhu ko ruwa ya taru, a lura da numfashi da sanyin hannu da ƙafa, a matso da na'urar farfaɗo da zuciya in akwai. Ruwan hoda: a tuna sirkonfiles tana leƙa baya, a duba V7 zuwa V9.

Akwai kuma abin da ya haɗa su duka. ECG cikin minti 10 da isowar mai ciwon ƙirji. In ta farko ba ta nuna komai ba ciwon kuma bai lafa ba, a maimaita bayan minti 15 zuwa 30. Asfirin miligiram 150 zuwa 300 a tauna, in babu zubar jini ko rashin jituwa da shi. Oksijin sai in awonsa a jini ya gaza kashi 90. Kuma don Allah a daina yi wa mai ciwon ƙirji allurar diclofenac, maganin rage zafin ciwo, a ɗuwawu: maganin kansa yana da illa ga zuciyar da ke cikin wannan hali, hujin allurar kuma na iya zubar da jini in an zo ba da maganin narkar da gudan jini. Mai ciwon suga da tsoho da mace na iya zuwa ba tare da ciwon ƙirji sosai ba, sai kasala ko haki ko amai.

Ƙa'ida ta ce in ba za a kai majinyaci ɗakin da ake zura bututu a buɗe jijiya cikin minti 120 ba, a ba shi maganin narkar da gudan jini, irin su streptokinase, muddin ciwon bai wuce awa 12 ba kuma babu abin da ya hana. Ka sa su auna wannan da ƙasarmu. Cibiyar zuciya ta Shisong da aka buɗe a 2009 tana can Kumbo, a yankin Arewa maso Yamma na Kamaru. Daga Garwa zuwa Ngaundere kaɗai ya haura kilomita 270, jirgin ƙasa kuma kwana yake yi a hanya kafin ya shiga Yawunde. Wanda ke aiki a Gidar ko Poli ko Tibati, abin da ke hannunsa shi ne ya gane da wuri, ya kira likita da wuri. Shi ya sa nake sa kowa ya iya ba da rahoto cikin numfashi ɗaya: "Likita, namiji ne mai shekara 55, ciwo tun ƙarfe 4, ST ya tashi milimita 2 a D2, D3, aVF, ya faɗi a aVL, V4R ya tashi, awon jini 9 bisa 6, bugu 48." Su koyi ɗaukar hoton takardar ma don turawa ta WhatsApp: a shimfiɗe, daga sama kai tsaye, idanu 12 duka a ciki, suna a rufe.

Masu kama da shi

Ba duk tashin ST ne toshewa ba, kuma a nan kalolin ke sake yin amfani. Kumburin jakar zuciya, wanda tarin fuka ke yawan haddasawa a yankinmu, yana ɗaga ST a shuɗi da ruwan goro da ruwan hoda gaba ɗaya, ba wanda ya sunkuya sai aVR, wani lokaci da V1. Ka tambaye su wace jijiya ɗaya ce ke shayar da gonaki uku, za su ga abin bai hau ba. Mai tsohon hawan jini da naman zuciyarsa ya yi kauri yakan nuna tashi a V1 zuwa V3 tare da zurfin S, wato ɓangaren QRS da ke nutsewa ƙasa bayan R. Samari da yawa masu ƙoshin lafiya suna da ɗan tashi mai lanƙwasa kamar ƙwarya a idanun ƙirji, wanda ba ya canzawa in an maimaita. In QRS ya yi faɗi, ya kai ƙananan gidaje 3 ko fiye, awon da muka koya ba ya aiki yadda yake. A duk waɗannan, hukunci na likita ne. Abin da nake nema ga ɗalibi shi ne ya faɗi abin da ya gani, ya kira, ko da zai zama ba komai. Ban taɓa yi wa wanda ya tashe ni da dare a kan takarda mai lafiya faɗa ba, kuma nakan gaya musu haka tun ranar farko.

Gwaji

Ba na ba da tebur a cike. Nakan ajiye takardu 10 a kife a kan teburi, marasa kala, cikinsu akwai ta mai lafiya, da wadda aka musanya hannaye, da ta kumburin jakar zuciya. Ɗalibi ya zari ɗaya, yana da minti 1. Ya ɗauki zuciyar yumɓu ya ɗora yatsa a bangon da ya kamu, ya matse zaren da yake zargi, ya faɗi ƙarin idon da zai ɗauka in akwai, sannan ya ba ni rahoto kamar ni ne likitan da ke waya. Wanda ya kasa ya koma gaban faifai ya durƙusa a gurbin idon, ya sake gwadawa. Bayan wata 2, sannan kafin su fita aikin koyo a asibiti, nakan maimaita gwajin ba tare da sanarwa ba.

Takardar ECG zafi ne ke rubuta ta, zafi ne kuma ke goge ta. In ka bar ta a aljihun tebur ta yi bazara ɗaya, fara fat za ka tarar da ita. Duk takarda mai kyau da ta shigo hannunka, ka nemi izini, ka rufe sunan, ka yi fotokwafinta a ranar. Zukatan yumɓun kuma ka mayar wa mai tukwane ya gasa maka su tare da tukwanensa kafin a sake shafa fenti a manna sabon zare, za su yi maka shekaru, ka bar ɗanyen yumɓu don sababbin shiga.